Muryar Mama a Cikin Faifai

Lokacin da soja suka koma bariki kowa a unguwarmu ta Narayi ya kama wata sana'a, ni na kama kwamfuta. Na shirya faifan koya wa yara karatu: yaro ya danna harafi, hoto ya fito, murya ta faɗi sunansa. Muryar ta Mama ce, tsohuwar malamar firamare. Bayan an tashi daga coci nake ɗaukar muryarta, fanka a kashe, muna gumi, tana yi wa zakaran maƙwabta faɗa.

Masu kwafi na Sabon Tasha su suka hana ni sukuni. Mutanen nan suna warware shiri kamar tsohuwar tabarma, su goge sunanka, su kwashe murya su liƙa a tallar maganin basir. Muryar uwata fa! Sai na hautsina umarnin kwamfutar da na rubuta har kowane suna ya koma shirme, na kwashi jakar sauti ɗungurungum na cusa a fayil guda na kulle. Har da abin da babu maɓallin da ke kiransa: dariyarta, da wata waƙar reno da ta yi da yarenmu na Filato tana jiran in gyara makirufo.

Mama ta rasu da damina. Ba a jima ba wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone kwamfutar, sautukan asali da mabuɗin fayil ɗin duka suka tafi. Waƙar tana cikin faifan da ke hannuna, ni kuma ba hanyar shiga.

Kunya ko ba kunya, na hau bas zuwa Sabon Tasha, wurin wanda aka ce ya fi kowa iya fasa shirin mutane. Ban ce nawa ba ne. Na zauna a benci ina roƙon Allah ya sa aikina ya zama na banza. Duk sa'ad da ya ja tsaki sai gabana ya faɗi.

Can ya miƙo mini faifan. "Oga, wanda ya kulle wannan ya san aikinsa. Ba ya buɗuwa, wallahi."

Har yau nakan kunna shi in danna Ɓ. Mama ta ce "ɓera," sai a ji ta ja numfashi za ta yi dariya, daidai inda na yanke.