Dodon da Gwaggo Ba Ta Kashe Mini Ba

Jiya 'yata ta dawo makaranta da littafi, a bangonsa ga mutum bisa doki yana sukar wani dodo mai fukafukai da mashi. Ta tambaye ni da Turanci, mu namu dodon yaya aka kashe shi? Na ce mata ban sani ba. Tun jiyan na kasa zama wuri ɗaya.

Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ita ta san wannan. Ta zo mana Hyattsville, nan ƙasar waje, lokacin haihuwata ta biyu, ta yi wata uku. Wata rana da hantsi, dusar ƙanƙara na sauka, tana zaune jikin hitar ɗumama ɗaki da zane biyu, ɗakin duk ƙamshin man zafi da kanumfari, na ajiye rakoda a gabanta.

"Gwaggo, yi mini ta yarinyar nan da dodon rafi, in ɗauka a kaset."

"Da rana ƙiri-ƙiri? Ke 'yar nan! Mai tatsuniya da rana ɓata yake yi. So kike in ɓata a garin da ko hanyar masallaci ban sani ba? Bari a yi isha'i."

Isha'i kuwa kullum tana samuna ina gyangyaɗi da jaririya a kafaɗa. Muna gobe, gobe, har ta hau jirgi. Bara ta rasu.

Na tuna yarinyar ta je ɗiban ruwa, dodon ya tare ta, daga nan ban san komai ba. Yau da safe na aika wa yayyena wasiƙa gida, ina tambayarsu ƙarshen tatsuniyar, don tare take yi mana ita muna yara.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka kabarinta, ya sa a cikinmu akwai wadda barci bai ɗauke ba kafin ƙarshen.