Allura a Cikin Taki

Ban ji zafi sosai ba. Wani ɗan tsini ne ya shige ni a tsakiyar tafin hannun dama, na ɗauka ƙaya ce. Da na zaro hannuna daga cikin takin sai abin ya biyo ni yana lilo. Sirinji ne ƙarami, ya yi baƙi da ƙasa, allurarsa ta ɗan lanƙwashe, a cikin robar kuma akwai wani abu ja-ja da ya bushe. Na tsaya ina kallonsa. Rana na dukan ƙeyata amma sanyi nake ji.

Bazara ce lokacin, hadari na haɗuwa da yamma ya watse ba ruwa. Tun da na gama sakandare ina zaune a gidanmu na Tudun Wada, ni da Inna, ba karatu ba sana'a. Wata rana muka je barka unguwar Hanwa, na ga matar gidan ta jera buhuna a gindin katanga, ta shuka alayyahu da kuɓewa da yakuwa a ciki. Tsakar gidanmu siminti ne, sai na ce nima haka zan yi kafin ruwa ya sauka. Na tara tsofaffin buhunan shinkafa, na sayo iri a kasuwa.

A unguwarmu ba a sa wa shukar gida takin zamani. Takin bola ake nema, wanda ya daɗe ya ruɓe ya yi baƙi wuluk. Mai baro ya ɗebo mana daga babbar bolar da ke bayan layin shaguna, ya juye a ƙofar ɗakin girki. Daga nan sai a zauna a tsince leda da fasassun kwalabe da mataccen batir, a murje sauran da hannu har ya yi laushi. Haka na ga kowa na yi tun ina ƙarama. Ban taɓa tuna cewa a layin nan akwai kemis da ake yi wa mutane allura a bayan labule ba.

"Ke kuma lafiya kika sandare kamar an dasa ki?" in ji Inna daga bakin murhu.

Na nuna mata. Ta taso da gudu, ta kama hannun tana matse jinin, ta sa gishiri da ruwan zafi.

"Allura ce fa, ba maciji ba. Daina rawar jikin nan."

Amma da ta zo kwashe sirinjin ba ta taɓa shi da hannu ba. Da tsintsiya ta tura shi cikin gwangwani. Na gani.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata tsohuwar nas, Kirista ce, ta daɗe da yin ritaya, duk layin Mama muke ce mata. Ita ce Inna ta kira. Ta shigo tana gyara ɗankwali, ta duba gwangwanin, ta duba hannuna.

"Hajiya, gishiri ai na miya ne. Ku da takin bolarku, bakina har ya gaji! Ke 'yar nan, ɗauko hijabinki."

"Ba za a bari sai gobe ba? Ga la'asar ta yi," in ji Inna.

"Yanzu na ce."

A asibiti suka ɗebi jinina, suka yi mini allurar tsatsa. Likitan ya ce gwajin yau ba zai nuna abin da ya shiga jikina yau ba. Zan sha magani na wata guda don tare cutar, sannan in dinga dawowa, sai bayan watanni za a san gaskiya. Ya ambaci ƙanjamau, ya ambaci ciwon hanta. Ya ce da wuya tsohuwar allura irin wannan ta harbi mutum, da wuya ƙwarai. Ni dai abin da na riƙe shi ne bai ce ba zai yiwu ba.

A ɓangaren masu ƙanjamau ake karɓar maganin. Na zauna a benci na ja hijabi har kan hancina, ina addu'ar kada wani ɗan unguwarmu ya wuce. Wata mata da ke kusa da ni, da goyonta, ta dube ni ta ce, "Sabuwa ce ke ko? Farkon ne da wuya, ƙanwata." Saura kaɗan in ce mata ni ba irinsu ba ce. Na haɗiye maganar, don ban san ko gaskiya ce ba.

Maganin ya wahalar da ni. Jiri, tashin zuciya, bakina kullum da ɗaci. Na ware kofina da cokalina na ɓoye a bayan akwati. Mama ta yi mini faɗa ta ce ba ta nan ake ɗauka ba, na ce to, na ci gaba. Ranar da Inna ta gano, ta ɗauko kofin ta cika da ruwan randa ta shanye a gabana.

"Ni na haife ki. In kin ga dama ki ɓoye har tukunyar."

Ta fita tana share ido da gefen zani, wai hayaƙi ne.

Buhunan da na riga na cika na zuba wa iri suna nan a gindin katanga, ba wanda ya kula su. Da ruwan farko ya sauka sai suka tsiro. Ban taɓa ganin alayyahu irin wannan ba, ganyensa faɗi-faɗi, kore shar. Kuɓewa ta yi fure, yakuwa ta kai gwiwa. Matan layi suka dinga aiko a tsinko musu, in sun shigo su ce, "Kai, yarinyar nan hannunki da albarka!" Sai in yi murmushi in cusa hannun cikin hijabi. Inna kan yi miyar ganyen ta ci ita kaɗai, ni in ci tuwona da kuka. Ko ƙamshinta ba na son ji.

Tsakiyar damina zazzaɓi ya kama ni, na ce shi ke nan, ta bayyana. Na riga na karanta alamomin a waya har na haddace su. Na kwanta na juya fuska ga bango, ina jin ruwa na zuba daga indararo, ina tunanin wanda aka yi wa allurar nan kafin ni. Namiji ne ko mace? Yana raye? Aka gwada ni aka ce zazzaɓin sauro ne. Ya tafi, amma tsoron bai tafi ba. Har yau da nake rubuta wannan ba na iya sa hannu a ƙasa, ko tsinken tsintsiya ya soke ni sai gabana ya faɗi.

Ranar gwajin ƙarshe da yayyafi muka fita, ni da Inna. Ta tsaya a baranda ta ce ba za ta iya shiga ba. Aka ɗebi jinin da hantsi, na yi ta jira har aka kira azahar a masallacin asibitin. Sannan wata ma'aikaciya mai gilashi ta kira ni ɗakinta, ta ce in zauna.

"Babu komai a jininki. Ba ƙanjamau, ba ciwon hanta."

"Anti, don Allah ki sake dubawa."

"Na duba, 'yar nan. Lafiyarki ƙalau, ba sai kin sake dawowa ba."

Na ɗauka zan yi tsalle ko kuka. Ban yi ko ɗaya ba, na ci gaba da zama a kujerar. Sai da ta taɓa kafaɗata ta ce, "Tashi mana, akwai masu jira."

Na fito baranda. Inna ta kalli fuskata ba ta gane komai ba.

"Me suka ce?"

"Sun ce babu."

 Sai kawai ta sulale ta zauna a jiƙaƙƙen simintin barandar, nima na zauna kusa da ita.