Wasiƙar Malam Harisu Zuwa ga Ɗan Farinsa

Malam Harisu ya koyar a elementare ta Ƙanƙara shekara tara, ni kuwa Rabo ina ajin da ke jikin nasa ina fama da lissafi. Shi ke da 'yan babban aji masu shirin tafiya makarantar Midil a Katsina, yana koya musu farkon Turanci da yadda ake tsara rubutu. Bangon da ke tsakaninmu bai kai rufi ba, don haka darasinsa har ni na haddace ba da sona ba.

Kullum maganarsa ke nan: labari yana da kai, da ciki, da ƙarshe. Dole a san wanda labarin ke kansa, da abin da yake so, da abin da ya tare masa hanya. In yaro ya cika takarda da kewaye-kewaye, sai ya ce, "Ka share fage, ka tara mutane, amma ina kokawar?" Kwatance kuma, in ji shi, gishiri ne, kaɗan ake sawa.

Wannan mai koya wa 'ya'yan mutane fitar da magana, shi kaɗai yake kwana a gidansa. Matarsa ta rasu tun kafin a kawo shi Ƙanƙara. Ɗa guda ta bar masa, Almu, ɗan fari, wanda kakarsa ta riƙa a Daudawa. Ka san mutanenmu da ɗan fari. Malam bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa cin tuwo ƙwarya ɗaya da shi ba. "Yaron nan" yake cewa. Da kakar ta rasu, Almu ya bi 'yan haƙar kuza zuwa Bukuru, shekara huɗu ba a ga ƙeyarsa ba.

Malam yana so ya dawo su zauna tare. Ban ji daga bakinsa ba, a fuskarsa na gani. Ranar kasuwa yakan tsaya inda motar Funtua ke sauke mutane, wai goro yake jira.

Damina ta 1956 ya kawo mini ambulan, yana kallon ƙasa.

"Malam Rabo, rubuta mini sunan yaron nan a baya."

Na rubuta. Na ce tun da an sa ni aiki, sai na ga abin da ke ciki. Shafi uku, rubutu kamar na ɗab'i: ruwa ya sauka, gero ya yi kyau, an yi wa masallaci yaɓe. Raina ya ɓaci.

"Malam, da ɗalibinka ne ya kawo wannan, nawa za ka ba shi? Ga kai, ga ciki, ina abin da ake so?"

"Zai gane," in ji shi.

"Gane me? Gero?"

Kwana biyu muna ja-in-ja kafin ya ƙara layi guda a ƙasa: in da hali, a zo gida. Ko "ka zo" bai iya rubutawa ba.

Bayan girbi Almu ya zo, dogo, da takalmin roba da akwatin ƙarfe. Akwatin nan ya sa na ce a raina zama ya zo yi, in an ce ya zauna. Ya durƙusa a zaure ya gaida mahaifinsa. Malam ya amsa yana duban bango, ya tambayi hanya, ya tashi wai zai duba littattafan yara. Kwana uku haka. Almu ya same ni ya ce, "Malam, ko ka san dalilin da Baba ya kira ni?" Na ce ya tambaye shi. Wallahi har yau ina jin haushin kaina, don na sani sarai, amma na ga ba a bakina ya kamata ya ji ba.

Rana ta huɗu ya ɗauki akwatinsa. Malam bai raka shi ba, uba ba ya rakiyar ɗan fari. Na tarar da shi a bayan ajinsa, inda ake hango hanya, alli a hannu, har motar ta ɓace.

Na tsaya kusa da shi. Can ya ce, "Ka ga yadda ya yi tsawo?"