Na Karya Hannun Ƙawata, Aka Kore Ni, Yau Ina Karatun Likita

Edita da masu karatu, ina yi muku sallama. Lokacin da abin nan ya faru ina aji biyar a wata makarantar kwana ta 'yan mata. Ni 'yar wani ƙauye ce ta wajen Randagi, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ni da buri sai na zama likita. Babana manomi ne, da rani kuma yana kabu-kabu da babur tsakanin ƙauyenmu da Birnin Gwari. Ina da ƙawa Bafulatana, gadonmu ɗaya, ita a sama ni a ƙasa, ko garin kwaki tare muke jiƙawa. Ita ma likita take son zama, kuma ta fi ni ƙwaƙwalwa, ban taɓa musun wannan ba.

Ana tsakiyar zango kawuna ya zo ya ɗauke ni. 'Yan bindiga sun tare Baba a hanyar daji da rana tsaka, suka ce ya ba da babur, ya tsaya roƙonsu, suka harbe shi, suka bi shi da sara. An hana ni ganin gawar, na kutsa na gani, da ma ban gani ba. A wurin zaman makoki na ji mata suna ambaton wata ruga, wai samarinta ne suka yi. Rugar su ƙawata ce. Babu wanda ya ce ya gani da idonsa, ni kuma ban tambaya ba.

Da na koma makaranta na daina yi mata magana. Wasu 'yan ɗakinmu suka riƙa zuga ni, wai an ga yayanta da sabon babur. Wata Asabar da safe muna bakin famfo, ta matso za ta kama min bokiti, ta ce Allah ya ji ƙan Baba. Jin ta kira shi Baba ne ya gusar min da hankali. Na zubar da ruwan, na ɗaga bokitin ƙarfen na maka mata a fuska. Ta faɗi, ta sa hannu tana kare kanta, na ci gaba da dukan hannun har na ji ƙarar ƙashi, kuma ban tsaya ba. Jini ya bi ruwa yana gangarawa kwata. Wasu na ihu, wasu na cewa in ƙara mata. Sai da malamai biyu suka riƙe ni. Haƙoranta na gaba sun zube, hannunta na dama ya karye a wuyan hannu da yatsu.

Aka kore ni, aka rubuta dalili a takardar shaidata. Maganar ta kai ga 'yan sanda, amma mahaifinta ya ce a bar ni, marainiya ce. A lokacin ko godiya ban yi ba.

Na rubuta jarabawa daga waje, na ci, na shiga share fagen jami'a, makina ya kai na likitanci. Sai aka ce duk mai tabo a takardarsa zai gurfana gaban kwamiti. Kawuna ya ce a nemo min shaida daga wata makarantar, mahaifiyata ta ce ba da yawunta ba. Na shiga gaban kwamitin da jawabin da na haddace a kan yadda aka kashe Baba, har da kukana. Wata dattijuwar likita ta bari na gama, sannan ta ce, "Yarinyar fa, ina take yanzu?" Ban sani ba. Ban taɓa nema ba. Ta ce mai neman a damƙa mata marasa lafiya, ba ta san inda wadda ta raunata take ba? Suka hana ni gurbi a shekarar.

Na koma gida na shiga cigiya. Ashe bayan rasuwar Baba 'yan sa-kai sun ƙona rugarsu. Yayan nata da ake zargi kuwa, 'yan bindigar ne suka kashe shi ranar da suka kore musu shanu. Na sami ƙawata da danginta a wani ɗakin kwano a bayan garin Birnin Gwari. Ɗorin gida aka yi mata, hannun ya warke a karkace, biro ma ba ya riƙuwa da kyau, kuma ba ta koma makaranta ba. Na durƙusa ina kuka, mahaifiyarta ta tashi ta fita. Ƙawata ta dube ni ta ce, "Ban yafe ba tukuna, kada ki je ki ce na yafe. Amma ki yi karatun. Idan muka rasa mu biyu, wa ya ci riba?"

Shekara ta zagayo na sake tsayawa gaban kwamitin. Wannan karon ban fara da Baba ba, na faɗi abin da na yi da abin da na tarar, har da cewa ba a yafe min ba. Suka ɗauke ni bisa sharaɗin ƙara ɗaya aka kawo a kaina, na tafi ke nan. Yanzu ina zagayen asibiti, na san sunan kowane ƙashi da na karya mata. Nakan je wurinta duk hutu. Tana karɓata, muna hira, amma kalmar yafiyar nan ba ta fito ba, ni ma na daina jin cewa ina bin ta bashinta.

Ga masu irin tabona, kada ku ɓoye shi, kuma kada ku je da labarin zafin da kuka ji kawai, ku san halin da wanda kuka cuta yake ciki. Ga 'yan uwana da dajin nan ya cinye wa iyaye, na san yadda zuciya ke tafasa, amma ku ji tsoron "an ce". Waɗanda suka kashe Baba ban taɓa ganin fuskarsu ba. Wadda hannuna ya kai gare ta, ita ce ta zo yi min ta'aziyya. Ni na samu gurbina bayan jinkirin shekara guda, ita kuwa nata ya tafi, kuma ni na raba ta da shi.