Inda Kaka Take Zama

Tsakar gidanmu na Dogo Nini ba ta taɓa sanin hanyar rariya ba. Duk damina ruwa ɗakina yake nufa, in wuni ina kwalfewa da kwano, katifa a jingine da bango. Na yi mita har Baba ya gaji ya yarda a zuba siminti. Sai Yaya, da ke shekarar ƙarshe a jami'a yana karatun lissafi, ya ce kada magini ya taɓa komai sai ya auna.

Ya zo da sanda mai lambobi, yana bin tsakar gida yana auna tudu da kwari, nan da can. Na ce, "Yaya, tsakanin inda ka auna da inda ka auna fa?"

"Aikin kwamfuta ne wannan," in ji shi. Wai akwai lissafin da ke ɗaukar wuraren da aka auna ya shimfiɗa fili sumul a kansu, kamar a lanƙwasa tsumagiya ta bi ta kowanne ba ta karye ba. Inda ba a auna ba, sai ya cike da abin da ya fi santsi.

To, dab da rariya Kaka take shimfiɗa tabarmarta. Uwar Baba ce, kuma a gidanmu ba a haifi mai ce mata ta tashi ba. Yaya ya durƙusa ya gaishe ta, ya auna gabanta, ya auna bayanta, ya wuce.

Na ce, "Ƙarƙashinta fa? Kowa ya san ƙasa ta sa aka tara mata a wurin."

"Ke, rufe min baki. Sai ki je ki ɗaga ta."

Kaka ta ce, "Me mijin nawa yake nema ne, allura ya yar?"

"Ba komai, tsohuwa, yi zamanki."

Zanen ya fito kore da shuɗi, ruwa na gangarawa rariya cikin ladabi. Kwamfutar ba ta san muna da kaka ba, ta shafe tudunta tas. Baba ya sa tabarau ya ce masha Allah.

Ranar aiki magini ya zuba siminti yadda zane ya ce. Da ya iso bakin tabarma, shi ma ya durƙusa ya gaishe ta, ya zagaye.

Gaskiya filin ya yi santsi. Da can ruwa sai ya tsaya a ramuka ya yi shawara kafin ya shigo min. Yanzu a guje yake zuwa, ya daki tudun Kaka, ya juyo ɗakina gaba ɗayansa.

Yaya ya kai zanen makaranta aka ba shi maki mai kyau. Da ya dawo hutu ya tarar da kayana a ɗakinsa, nasa a nawa. Ya kai ƙara, Baba ya ce ai a zane ɗakin ba ya shan ruwa.