Ranar da Nuzhat Ta Karya Yajin Aiki

Nuzhat Bano maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma har yau in na tuna abin da aka yi mata sai abinci ya fita raina. Ubanta keke mai ƙafa uku yake tuƙawa. Da guminsa ta karanta shari'a a Lahore, ta dawo garinmu ta zama lauyar majalisar birni, aikin da lauyoyi masu ji da kansu ke rainawa. Kwata ta toshe wani ya kai ƙara, ita ce. Shugaban majalisa zai sa hannu a kwangila, ita za ta karanta ta nuna masa inda ramin yake. Shekara da shekaru tana wannan fama, ko babur ba ta saya ba.

Akwai filin majalisa a tsakiyar unguwarmu, nan yara ke buga kurket, nan muke sallar idi. Wani dillalin filaye ya wayi gari ya ce na kakansa ne. Nuzhat ta samo umarnin kotu da ya hana shi taɓa wurin. Sai dai irin umarnin nan wa'adi gare shi, dole lauya ya tsaya gaban alƙali ranar da zai ƙare ya nemi a sabunta.

Ranar da wa'adin ya cika na bi ta kotu, don hankalina bai kwanta ba. Muna isa muka tarar ƙungiyar lauyoyi ta kira yajin aiki, wai ɗan sanda ya daka wa wani lauya tsawa a kan ajiye mota. Mu nan mun saba, abu kaɗan sai su rufe kotu, kuma lauyan da ya shiga ranar ya zama maci amana. Shugabansu, Chaudhry Zulkarnain, ya kafa kujera a bakin ƙofa yana kurɓar shayi.

Ya ce, "Ina zuwa, ƙanwata? Yau ba kasuwa."

Ta ce, "Yaya, umarni kawai zan sabunta in fito."

"Ke kaɗai ce mai shari'a a garin nan? Koma gida ki gasa wa yara gurasa."

Aka fashe da dariya. Ta jira suka gama, sannan ta ce, "Dillalin da ke son filin nan, wa ke tsaya masa? Ba kai ba ne?"

Ba wanda ya ƙara dariya. Ta raɓa ta gefensa ta shige, ni ma na kutsa.

Alƙali ya dubi tagogi, duk lauyoyi masu baƙaƙen kwat sun cika su. Ya ce, "Lauyan ɗaya ɓangaren bai zo ba."

Nuzhat ta ce, "Ranka ya daɗe, ga shi can bakin ƙofa yana shan shayi!"

Wallahi alƙalin nan dafe kai ya yi, ya ce ciwo yake masa, ya sulale ta ƙofar baya. Babban mutum da furfurarsa! Umarni ya mutu a ranar. Washegari motar rusau ta iso, kafin la'asar an zagaye filinmu da bulo.

Ƙungiya ta dakatar da Nuzhat saboda ta karya yajin aiki. Majalisar da ta yi wa bauta kuwa ta sallame ta, wai sakacinta ya jawo aka rasa filin. Ko kunya ba su ji ba. Yanzu yaran unguwa take koya wa karatu a tsakar gidanta.

Kwanan nan majalisa ta yi shelar neman sabon lauya. Na leƙa ta katanga na ce, "Yaya Nuzhat, ki nema mana, wa ya fi ki sanin aikin?"

Ta ce, "Digiri ina da shi, shekarun aiki ina da su. Saura shaidar kyawun hali daga ƙungiya. Je ki karɓo mini a wurin Chaudhry, shi ke sa hannu."