Habsatu Ta Fara Daga Dama

Hausawan da ke New York a shekarar 1969 ba su fi a tara su a falo biyu ba, kuma da wuya ka sami namiji a cikinsu da bai taɓa sa hular da Habsatu ta ɗinka ba. 'Yar Kazaure ce, gajera, mai saurin hannu da saurin baki. Mijinta Mainasara direba ne a wani ofishin jakadanci. Maigidansa ne ya taho da shi daga Ikko, shi kuma bayan shekara guda ya aika aka sako masa ita a jirgi. Suka kama ɗaki biyu a hawa na biyar, cikin wani dogon gini a kan titin Grand Concourse. Ba ta yi boko ba, allo ta yi, izu goma sha biyu kafin aure. Turancinta na cefane ne: nawa, ya yi tsada, na gode. Da ɗan wannan ta addabi mahauta da masu kayan miya na unguwar, har suna hango ta suke rage farashi don a zauna lafiya.

'Ya'ya huɗu ta haifa, biyu suka rayu. Hussaina tana aure a Gumel. Shitu, ɗan farinta, ya shiga soja da yaƙin basasa ya ɓarke a gida, yana ɗan shekara goma sha tara, bai yi shawara da kowa ba. Habsatu kuwa irin matan nan ne masu riƙon kunyar ɗan fari kamar farilla. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai “yaron nan”. In wasiƙarsa ta zo daga bakin daga, Mainasara yakan karanta da ƙarfi bayan an ci abinci, ita kuma ta juya baya tana ɗinki kamar ba ta ji. Sai dai allurar takan tsaya cak har a kai ƙarshen takardar.

Daga watan Afrilu wasiƙa ta ɗauke. Mayu ya wuce, Yuni ya wuce, Yuli ya bi su. Uwar da ta san kanta ba ta buɗe baki ta tambayi lafiyar ɗan fari, don haka sai ta riƙa kewaye-kewaye.

“Malam, masu kawo wasiƙa yaji suka yi ne?”

“Hanya ce ba kyau,” in ji Mainasara, idonsa a kan kwano.

Wannan al'ada tana da kyau a gida, inda kaka da gwaggo suke yi wa uwa tambayar, ita tana gefe tana kasa kunne. A hawa na biyar babu kaka, babu gwaggo. Habsatu ta rame, zani ya fara kwance mata. Ta ɗinka hula guda ta farke ta sau uku.

Ƙofar da ke kallon tasu ta Milagros ce, wata bazawara 'yar Puerto Rico, mai jiki, mai dariya kamar ana sauke kwanuka. A ɗakin wanki na ƙasan ginin suka saba, rabi da Turanci rabi da hannu. Milagros tana da wasu kartoci masu hotuna da suke kira tarot, da su take yi wa matan ginin duba. Ranar da Habsatu ta fara gani ta yi a'uzubillahi ta tattara zaninta. Ta san hukuncin mai zuwa wurin duba sarai, tun tana yarinya ta ji daga bakin malaminsu. Amma wanda ya faɗa rijiya, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. A cikin watan Yuli sai ga Habsatu zaune a kicin ɗin Milagros, wai ta zo aron gishiri, tana kallon yadda ake yi wa wasu.

Abin ba wuya a ido. A cuɗe kartar ana tunanin wanda ake tambaya a kansa, a raba ta kashi uku a jere, a buɗe ta saman kowane kashi. Ɗaya abin da ya wuce, ɗaya abin da ake ciki, ɗaya abin da ke tafe. Milagros ta yi ta lallashinta a duba mata, ta ƙi, don Milagros takan tambayi sunan mutum da abin da yake gare ka. Kati kuwa, in kai kaɗai ne da shi, ba ya tambayar komai.

A farkon Agusta Milagros ta tafi garinsu jinyar 'yar'uwarta, mako biyu. Ta bar wa Habsatu makulli ta riƙa ba furanni ruwa. Kwana biyu tana shiga tana fita, tana kauda kai daga kartar da ke kan tebur cikin jan ƙyalle. A rana ta uku, da hantsi, ta ajiye buta ta ja kujera. Ta cuɗe, ta raba uku, ta buɗe. Sa'an nan ta fara karatu ta inda kowane ɗan makarantar allo yake farawa, wato daga dama.

Ta dama, wata mace ce a bakin tafki tana juye ruwa daga tulu biyu, taurari a samanta, ko ɗan ƙyalle babu a jikinta. Habsatu ta yi tsaki saboda rashin kunyar, amma ta gane: wannan ita ce tana yarinya, a bakin ruwa a Kazaure. Abin da ya wuce ke nan. Ta tsakiya, mace ce zaune a kan gado ta rufe fuska da hannu biyu, takubba tara jere a bango. Wannan ba sai an fassara mata ba. Ta hagu, ta ƙarshe a lissafinta, ƙwarangwal ne sanye da kayan yaƙi, a kan farin doki, da baƙar tuta a hannu, mutane zube a ƙasa.

Ba ta yi ihu ba. Ta ɗauko murfin tukunya ta kife a kan ta hagun, ta fito ta kulle ƙofa, ta manta butar a ciki.

To, tunda abin yana tafe ne, bai iso ba, akwai sauran dama. Wannan tunanin shi ya riƙe ta, shi kuma ya kusa haukata ta. Sadaka maganin masifa. Ta dafa shinkafa tukunya guda ta sauko bakin titi tana miƙa wa masu wucewa. Mutanen New York kuwa ba su san abincin banza ba, suka riƙa ratse ta kamar mai raba annoba. Wani tsoho ya tambaye ta cocin da ya aiko ta. A ƙarshe mashayan da ke kwana a bakin tashar jirgin ƙasa ne suka cinye, ta tsaya a kansu tana cewa su yi addu'a, suna ɗaga mata babban yatsa. Ta ɗauki azumi a tsakiyar zafin Agusta, ranar da ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe takwas. Ta cire 'yan kunnenta na aure ta ba wata mai bara. Ita da ba ta taɓa shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ita kaɗai ba, ta hau jirgin D zuwa Harlem neman wani malami Basanagale da aka taɓa ambata a gabanta. Ta wuce tashar, ta dawo, ta yi ta bulayi a titi tana nuna wa mutane carbi, har wani mai sayar da turare ya raka ta. Malamin ya tambaye ta wa za a yi wa addu'a. Ta ce wani yaro ne, ɗan maƙwabta, yana wurin yaƙi. Ya dube ta ya daɗe, bai ƙara tambaya ba.

Duk wannan bai kwantar mata da hankali ba. Gani take in da tana gida, da ta san ƙofar da za ta buga a ciro shi daga bakin daga, ko da za ta kwanta a gaban motar wani babban soja. Ta tari Mainasara da safe yana ɗaura takalmi.

“Malam, ka mai da ni gida.”

“Me za ki je yi?”

“Gida nake so.”

“Hutu ya kusa. Disamba za mu tafi tare.”

“Disamba ta yi nisa, Malam. Don girman Allah. Ko ta jirgin ruwa ne.”

Ta durƙusa ta riƙe ƙafar wandonsa, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara ashirin da uku na aure. Mainasara ya zare ƙafarsa a hankali, ya ce maigida yana jiransa. Ta ji saukarsa a matakala da sauri, bai ko tsaya jiran lif ba.

Milagros ta dawo ranar wata Laraba da rana, da akwati biyu da ledar mangwaro. Ta tarar furanninta sun bushe ƙurmus, ga murfin tukunya a kan tebur. Ta ɗaga, ta dubi katin, ta dubi Habsatu da ke tsaye a bakin ƙofa kamar marar lafiya, nan take ta gane.

“Wayyo, maƙwabciya! Ke kaɗai kika yi? Nuna mini yadda kika karanta.”

Habsatu ta nuna da yatsa: dama, tsakiya, hagu. Milagros ta fashe da dariyar nan tata, ta rungume ta.

“A'a, a'a! Daga nan ake farawa, daga hagu, kamar jarida. Wannan mai dokin shi ne baya. Ya wuce, ya ƙare, an gama da shi. Mai taurarin nan ita ce gabanki, kuma duk cikin kartar babu wadda ta fi ta alheri. Mako biyu kina kashe kanki a banza!”

Da zuciya ɗaya ta faɗa, baiwar Allah, tana jiran ta ga murna. Sai ta ji jikin da ta runguma ya yi sanyi.

Takarda dai takarda ce, wani ne ya zana ta a buga a sayar, ba ta san gaibu ba, ba ta san Shitu ba. Abin da ta yi kawai, ta juya wa Habsatu fuska ta dubi baya, inda wata uku ke nan take ƙin dubawa. Ta tuna kwana uku a watan Mayu da Mainasara bai je aiki ba, ya ce mura ce, ga shi ko atishawa bai yi ba. Ta tuna matan ma'aikatan ofishin jakadancin da suka riƙa zuwa mata bibbiyu ba dalili, su zauna su yi ta kallon hannunsu. Ta tuna wata Lahadi a watan Yuni da ya tara maza goma sha biyu a falo suka yi karatu, ya sa ta soya waina mai yawa, ya ce sadaka ce kawai don zaman lafiyar ƙasa.

Ta koma ɗakinta. Ta yi wanka, ta yi la'asar, ta ɗora tuwo. Da Mainasara ya shigo wajen ƙarfe shida, rana tana nan tsaye a taga, ta kawo masa ruwa da abinci yadda ta saba, ta zauna a ƙasa. Wannan karon ba ta juya baya ba. Ta bari ya wanke hannu.

“Malam, yau wata nawa?”

Ya buɗe baki zai tambaye ta wata nawa da me. Ya ga fuskarta, ya fasa.

“Uku da kwana goma sha takwas,” in ji shi. “Yaya ne ya rubuto. Ya ce kada a faɗa miki a ƙasar da ba ki da mai riƙe ki, a bari sai kina cikin 'yan'uwanki. Ga hawan jinin nan naki. Wallahi Habsatu, kullum sai na ɗauko maganar a hanya, in na iso ƙofa ta gagare ni.”

“Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.” Ta faɗa sau uku, a hankali. “An yi masa sutura?”

“Abokansa sun yi masa salla. Wanda ya gani da idonsa ne ya kai labari gida.”

Ta gyaɗa kai. Daga ƙasa ana jin yara suna wasa da ruwan famfon titi, suna ihu da Sifaniyanci.

“Wainar ranar Lahadin nan fa?”

“Ta arba'in ce.”

Nan hawayen suka zo, ba ta share ba.

“Da ka gaya mini, Malam. Tsohuwar shinkafa na jiƙa, kuma na yi ƙwauron mai, ina mitar an tara mini gardawa ranar hutu. Kasko biyu ma sun ƙone, na cusa su a ƙasan kwano don kada a gani.”